Tambayoyi da Amsoshi Kan Ziyarar Gandun Tsaunukan Adirondack a Kowane Lokaci na Shekara

Adirondack gandun daji ne mai tsaunuka da tafkuna a arewacin jihar New York ta Amurka, dab da iyakar Kanada. Ba a rufe shi ko na wata ɗaya a shekara, sai dai abin da ka gani a watan Yuli ba shi za ka tarar a Janairu ba. Ga tambayoyin da masu niyyar zuwa suka fi yi.

Wane irin wuri ne, kuma yaya girmansa?

Faɗinsa ya kai hekta miliyan 2.4, wato wajen eka miliyan 6. Ko an haɗa manyan gandun dajin Amurka na Yellowstone da Everglades da Glacier da Grand Canyon wuri guda, da ƙyar su kamo shi. Akwai tafkuna manya da ƙanana sama da 3,000, da hanyoyin tafiya a ƙasa da tsawonsu ya haura kilomita 3,000.

Jihar New York ce ta kafa shi a 1892, bayan masu saran katako sun yi wa dajin ɓarna har aka fara fargabar ruwan kogin Hudson zai ja baya. A 1894 aka sa a kundin tsarin mulkin jihar cewa filayen gwamnati da ke ciki za su zauna daji har abada, ba sayarwa, ba saran itace. Abin da ke rikita baƙo shi ne, kusan rabin gandun ne kawai na gwamnati. Sauran na jama'a ne: gidaje, gonaki, makarantu, otal-otal, kamfanonin katako. Mutane kusan 130,000 ne ke zaune a ciki dindindin. Saboda haka idan ka ga alamar da ta ce fili na wani ne, da gaske na wani ne, kada ka ƙetara.

Ina ƙofar shiga, kuma nawa ake biya?

Babu ƙofa, babu tikiti. Iyakar gandun wani shuɗin layi ne da aka ja a taswira tun farkon kafa shi, kana cikin mota za ka ƙetare shi ba ka sani ba, in ba ka lura da allon bakin titi ba. Ana biyan kuɗi ne a wasu wurare kaɗai: sansanonin kwana na gwamnati, wasu wuraren ajiye mota, wuraren wasan zamiya, da titin hawa tsaunin Whiteface.

Rashin ƙofar nan shi ne abin da ya kamata ka fi riƙewa a duk wannan bayani. Babu mai tsayar da kai ya duba takalminka, ko ya tambaye ka ko ka duba hasashen yanayi. Kai ne mai duba kanka.

Yaya zan isa can?

Mota ta fi. Daga birnin New York zuwa garin Lake Placid tafiyar wajen awa biyar ce, akasarinta a kan babbar hanya mai lamba 87. Daga Montreal ta Kanada wajen awa biyu ne. Akwai filayen jirgin sama a Albany da Plattsburgh, da wani ƙarami kusa da Saranac Lake. Jirgin ƙasa na Amtrak da ke tsakanin New York da Montreal yana bin gaɓar tafkin Champlain, yana tsayawa a Westport, amma a duba jadawalinsa tukuna. Motocin haya a cikin gandun ba su da yawa, kuma galibin bakin hanyoyin daji babu abin da ke kai mutum can sai motar kansa.

Wane lokaci ya fi dacewa da zuwa?

Ya danganta da abin da ya kawo ka. Yuli da Agusta su ne watannin iyo, tuƙa kwale-kwale da kwana a tanti, kuma su ne na cunkoso. Satumba zuwa farkon Oktoba ƙwari sun ragu, iska ta yi sanyi mai daɗi, ganyaye sun rikiɗe ja da rawaya. Daga Disamba zuwa Maris dusar ƙanƙara ke mulki. Afrilu da Mayu lokacin taɓo ne.

In da za a ce in zaɓar wa wanda bai taɓa zuwa ba, tsakiyar Satumba zan ce, kuma a tsakiyar mako.

Me ake nufi da lokacin taɓo?

Idan dusar ƙanƙara ta fara narkewa, ƙasan kwari kan yi kore har mutum ya ɗauka sanyi ya wuce, alhali can sama ƙanƙara na nan daram. Hanyoyi su koma laka, rafuka su cika su yi ƙarfi, a tsakiyar hanya kuma a bar wani siririn tudun ƙanƙara mai santsi wanda ƙafafun masu wucewa suka danne duk tsawon hunturu. Hukumar kare muhalli ta jihar, wadda ake kira DEC, kan nemi jama'a su ƙaurace wa hanyoyin da suka haura mita 760 har sai ƙasa ta tsane, sau da yawa sai an shiga Yuni. Dalili biyu ne: mutum na iya karyewa, kuma takalmi yana kwashe 'yar ƙasar da tsirrai ke riƙe da ita a kan dutse. Idan ka ci karo da taɓo a hanya, ratsa ta tsakiyarsa. Kewayewa ita ke faɗaɗa hanya tana cin daji.

Tsaunukan nan ai ba su da tsawo sosai. Me ya sa ake ta gargaɗi?

Gaskiya ne, mafi tsawonsu, Marcy, mita 1,629 ne kacal, ba za a haɗa shi da tsaunukan Alps ko Himalaya ba. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa.

Tsofaffin hanyoyin Adirondack ba zagaye-zagaye aka yi su ba, miƙewa suke yi sama kai tsaye, sau da yawa ta cikin kwazazzabon da ruwa ya bi. Za ka taka saiwoyi, ka haura manyan duwatsu da hannu da ƙafa, ka bi falalen dutse mai jiƙe, wani wuri har da tsani na katako. Kilomita ɗaya a nan kan ci lokacin kilomita biyu ko uku a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Saukowa kuma ta fi hawa cin gwiwa, kuma yawancin targaɗe da karaya a saukowa ake samunsu, lokacin da gajiya ta riga ta kama mutum.

Sai kuma yanayi. Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da wajen digiri 6, ga iska da babu abin da ke tare ta a ƙololuwa. Kana iya barin mota da 'yar riga, ka isa sama haƙoranka na kaɗawa. Hadari mai tsawa kan taso da rana tsaka a watannin zafi, kuma kan dutsen da babu bishiya shi ne wuri mafi muni da tsawa za ta riski mutum. Da ka ji rugugi, sauka.

Ban taɓa hawa tsauni ba. Da wanne zan fara?

Fara da Mount Jo, kusa da tafkin Heart. Zuwa da dawowa wajen kilomita 4 ne, amma daga samansa za ka hango manyan tsaunukan a jere. Akwai kuma tsaunuka masu tsohon hasumiyar hangen gobara a kansu, kamar Bald Mountain kusa da Old Forge, waɗanda iyali ke hawa cikin 'yan awoyi. Idan ka ji ƙafarka ta yarda, sai Cascade mai mita 1,249, wanda ake ɗauka a matsayin mafi sauƙi a cikin manyan. Ta tsohuwar hanyarsa daga bakin titi mai lamba 73, zuwa da dawowa kusan kilomita 8 ne. Sauƙin nasa ne ya sa ranar Asabar yake cika maƙil.

Marcy fa, ana iya hawa a dawo a yini ɗaya?

Ana yi, amma yini ne cur. Hanyar Van Hoevenberg, wadda aka fi bi daga tafkin Heart, kusan kilomita 24 ce zuwa da dawowa, da hawan kusan mita 1,000. Mai matsakaicin ƙarfi ya ware awa goma, ya fita tun da asuba.

A kudu da ƙololuwar akwai wani ɗan tafki mai suna Lake Tear of the Clouds, wanda ake ɗauka a matsayin mafari mafi tsawo na kogin Hudson. A kusa da shi ne ɗan aike ya riski mataimakin shugaban ƙasa Theodore Roosevelt a Satumba 1901, da labarin cewa jikin Shugaba McKinley, wanda aka harba, ya tsananta. Ya sauko, ya kwana yana tafiya a keken doki, kafin ya isa tashar jirgin ƙasa ta North Creek McKinley ya cika.

Can sama za ka ga ƙananan tsirrai manne da dutse, irin na yankunan arewa mai nisa, waɗanda suka saura tun bayan janyewar ƙanƙarar da ta taɓa rufe yankin. Taku kaɗan ke kashe su. Ka taka dutse zalla.

Mene ne labarin tsaunuka 46 da ake ta faɗa?

Jerin tsaunuka ne da aka ɗauka duk sun kai ƙafa 4,000, wato mita 1,219. 'Yan'uwa biyu, Robert da George Marshall, tare da jagoransu Herbert Clark, su suka fara hawa dukansu, suka kammala a 1925. Daga baya da aka sake awo sai aka ga huɗu daga ciki ba su kai ba, amma aka bar jerin yadda yake. Har yau akwai ƙungiyar waɗanda suka kammala hawansu. Da yawa daga cikin tsaunukan nan ba su da hanya mai alama, sai turbar da ƙafa ta fitar, don haka ba aikin sabon shiga ba ne.

Me zan ɗauka a jaka?

Ba a fafe gora ranar tafiya, ka haɗa kaya tun daren jiya. Takalmi mai riƙe idon sawu wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi. Ruwa aƙalla lita biyu, da abinci fiye da wanda kake tsammanin za ka ci. Rigar ruwa, rigar sanyi da hula, ko da a Agusta ne. Taswirar takarda da kamfas, usur, ashana, 'yar jakar magunguna da bandeji, da tocilar da ake ɗaurawa a goshi tare da ƙarin batir.

Tocilar nan kada ka raina ta. Mutane da dama da jami'an gandun daji ke fita nema da dare ba rauni suka ji ba, duhu ne kawai ya rufe su.

Tufafi kuma, guji auduga. Idan ta sha gumi ko ruwa ba ta bushewa da wuri, sai ta manne a jiki tana zuƙe ɗuminsa. Ulu da yadin roba na 'yan wasanni sun fi. Sa tufafi hawa-hawa, yadda za ka cire ɗaya in ka ji zafi, ka mayar in ka tsaya.

Waya ba za ta wadatar ba a maimakon taswira?

A'a. Sabis yakan ɗauke da zarar ka bar gari, sanyi kuma yana shanye batir. Sauke taswira a waya kafin ka fita abu ne mai kyau, amma ta takarda ba ta mutuwa. A bakin kowace babbar hanya akwai akwati da littafin rajista. Rubuta sunanka, yawanku da inda kuka nufa, in kun dawo ka sa alama. Littafin nan masu ceto ke fara dubawa.

Sai na nemi izini kafin in hau?

A mafi yawan wurare, a'a. Sai dai hanyoyin da suka bi ta filin Adirondack Mountain Reserve, kusa da Keene Valley, wanda mallakar wata ƙungiya ce. Tun 2021 ana buƙatar mutum ya yi rajista ta intanet kafin ya zo, daga Mayu zuwa Oktoba. Babbar matsalar sauran wuraren ita ce wurin ajiye mota: a ƙarshen mako yakan cika tun gari bai gama wayewa ba, kuma ana cin tarar masu fakin a inda aka hana a gefen titi mai lamba 73. Ka zo da tsauni na biyu a ranka.

Zan iya kafa tanti duk inda na ga dama?

A filin gwamnati ana kwana kyauta, da sharaɗi. Ko dai ka sauka a wurin da aka sa 'yar alama mai launin rawaya da hoton tanti, ko ka nisanci hanya, titi da ruwa da aƙalla mita 45. Wanda zai wuce dare uku a wuri ɗaya, ko ayarin da ya kai mutum 10, sai da takardar izini daga jami'in gandun daji. A yankin manyan tsaunukan da ake kira High Peaks dokar ta fi tsauri: ayarin kwana kada ya wuce mutum 8, na yini kada ya wuce 15, kuma ba a kwana can saman tsauni.

Akwai rumfunan gungume masu bango uku, gabansu a buɗe, warwatse a dajin. Wanda ya riga zuwa shi ke samu, amma ba nasa ba ne shi kaɗai, dole ya matsa wa na baya har rumfar ta cika. Mai son banɗaki da famfo da wurin ajiye mota sai ya kama wuri a sansanonin gwamnati, irin su Fish Creek Pond, kuma ya kama tun da watanni.

Duk abin da ka shigo da shi ka fita da shi, har ɓawon lemo. Inda babu masai, a haƙa ɗan rami mai zurfin taƙi ɗaya nesa da ruwa, a rufe.

Ana hura wuta?

A gabashin High Peaks an haramta gaba ɗaya, sai risho na 'yan tafiya. A sauran wurare ana hurawa a murhun da aka tanada, da busasshen itacen da ya faɗi da kansa. Haka nan dokar jihar ta hana ɗaukar itacen wuta da ba a gasa shi an kashe ƙwarinsa ba zuwa nisan da ya wuce kilomita 80, saboda ƙwari masu kashe bishiyoyi a cikin ɓawo suke ɓuya. Sayi itace a inda za ka ƙona shi.

Beyar fa? Tana kai wa mutane hari?

Baƙar beyar ce a nan, kuma da wuya ƙwarai ta far wa mutum. Abincinka take so. Daga 1 ga Afrilu zuwa 30 ga Nuwamba, duk mai kwana a gabashin High Peaks dole ya zuba abinci, shara, man goge baki da duk abin da ke da ƙamshi a cikin wata gwangwani mai ƙarfi da aka ƙera don beyar ta kasa buɗewa, ya ajiye ta nesa da tanti. Ana samun hayarta a shagunan kayan daji. Ka tambayi irin da ta dace da yankin, domin an taɓa yin wata macen beyar da ake kira Yellow-Yellow, saboda alamun rawaya da aka maƙala mata a kunnuwa biyu, wadda ta gano yadda ake buɗe wani samfuri da beyar ta sauran wurare ta gagara.

Idan kun yi kiciɓis, kada ka gudu. Ɗaga hannuwa, yi magana da ƙarfi, ja da baya a hankali. Kada ka ba ta abinci ko da wasa. Beyar da ta saba da abincin mutane ƙarshenta harbi ne.

Sauran dabbobi da ƙwari?

Akwai mus, ƙatuwar dabba dangin barewa da ta dawo yankin tun shekarun 1980. Haɗarinta a titi yake, musamman da magariba da asuba. Maciji mai dafi sai a 'yan wurare, kamar tsaunukan Tongue a gefen tafkin George.

Waɗanda za su dame ka da gaske ƙanana ne. Daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni baƙaƙen ƙudaje masu cizo kan fito dami-dami, su bi bayan kunne da wuya, har sai ka ga jini. Ragar rufe fuska da maganin shafawa suna taimakawa. Kaska kuma ta fi su illa, domin tana ɗauke da cutar Lyme. Cusa ƙafar wando cikin safa, duba jikinka kowace yamma, in ka ga ta maƙale ka cire ta da ɗan hantsaki, a miƙe. Zazzaɓi ko jan zobe a fata bayan cizo, sai asibiti.

Ruwan rafi yana shayuwa?

Komai garai-garai ɗinsa, a tace ko a tafasa ko a sa ƙwayar tsarkakewa. Akwai ƙwayar cutar giyadiya mai sa gudawa, kuma sai bayan kwanaki take nuna kanta.

Ba na son hawa dutse. Me zan yi a ruwa?

Wasu ma cewa suke ruwan ya fi tsaunukan. Tafkunan a sarƙe suke da juna ta koguna da gajerun hanyoyin da ake saɓa kwale-kwale a kafaɗa a ƙetara. Yankin St. Regis an keɓe shi ga masu tuƙi da filafili, babu jirgi mai inji, sai kukan wani tsuntsun ruwa da ake kira lun da dare. Kowace Satumba ana tseren kwana uku na kilomita 145 daga Old Forge zuwa Saranac Lake. Tafkin George, mai tsawon kilomita 51, shi ne na masu son jiragen yawon shaƙatawa da bakin ruwa mai yashi. A kwazazzabon kogin Hudson kuma ana bin ruwa mai gudu a jirgin roba tare da jagora.

Rigar ceto tilas ce a cikin kowane jirgi, kuma daga 1 ga Nuwamba zuwa 1 ga Mayu dole a sa ta a jiki a ƙananan jirage. Ruwan Mayu yana iya sandarar da hannun gwanin iyo cikin mintoci, ko da rana na haskawa. Kamun kifi sai da lasisin jihar ga wanda ya kai shekara 16. A wanke jirgi a busar da shi kafin a sauya tafki, don kada a yi wa baƙin ciyayi jigila.

Yaushe ganyaye ke canja launi?

A manyan tsaunuka da kewayen Lake Placid, ƙarshen Satumba. A ƙasa-ƙasa, wajen tafkin George da Champlain, sai an shiga Oktoba. A daidai lokacin kuma sanyin dare ya fara daskarar da ruwa a saman tsauni. Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba lokacin farautar barewa ne da bindiga, don haka sa riga ko hula mai launin lemo mai ƙyalli.

Me ake yi a hunturu?

Lake Placid ta karɓi gasar Olamfik ta hunturu sau biyu, a 1932 da 1980, kuma wuraren wasannin na aiki har yau. A filin da ɗan tseren zamiya na Amurka Eric Heiden ya ci lambobin zinare biyar a 1980, kowa na iya hayar takalmin zamiya ya shiga. Whiteface da Gore su ne manyan tsaunukan gangarowa da allunan zamiya, akwai malamai da kayan haya ga ɗan koyo. A Mount Van Hoevenberg akwai hanyoyin zamiya a cikin daji da titin keken ƙanƙara na gasar. Old Forge ta yi suna da babur ɗin dusar ƙanƙara. A farkon Fabrairu kuma garin Saranac Lake na yin bikin hunturu da ya faro tun 1897, inda ake yanko tubalan ƙanƙara daga tafkin Flower a gina fada da su.

Mafi sauƙin duka shi ne tafiya da faffaɗan takalmin da ke hana ƙafa nutsewa. Wanda ya iya tafiya ya iya shi.

Ana hawa tsauni a hunturu?

Ana hawa, amma wani aiki ne daban. A High Peaks doka ta wajabta faffaɗan takalmin nan ko allunan zamiya idan dusar ƙanƙara ta yi zurfi, domin mai tafiya da takalmi zalla yana barin ramuka da ke karya na bayansa. Ana kuma buƙatar ƙusoshin ƙarfe da ake ɗaurawa a tafin takalmi saboda santsi. A Disamba rana na faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu da rabi. Sanyin ba na wasa ba ne: a Fabrairu 1979 an auna kusan digiri 47 ƙasa da sifili a Old Forge. A saman tsauni iska kan tayar da dusar ƙanƙara har sama da ƙasa su zama fari ɗaya, mutum ya kasa gane ta inda ya hau. A gangaren da zaizaya ta share bishiyoyi kuma dusar kan zabtaro.

Ka san alamun sanyin da ya shiga jiki: karkarwa, harɗewar harshe, tuntuɓe, ruɗewa. Wanda abin ya kama shi ne na ƙarshen ganewa, don haka ku riƙa lura da juna. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a ba shi abin sha mai ɗumi da zaƙi in yana cikin hayyacinsa. Yatsan da ya yi fari ya mutu kada a murza shi. Hawan farko na hunturu a yi shi da jagora mai lasisin jiha.

Lafiya lau ne in taka tafkin da ya daskare?

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ƙanƙara mai tauri, garai-garai, da kaurinta ya kai santimita 10 ga mai tafiya a ƙasa. Amma kaurin ba ɗaya ba ne ko'ina. Kusa da mashigar rafi, mafitar ruwa da gadar jirage takan yi siriri. Sawun wani ba hujja ba ne.

Yara, tsofaffi da masu keken guragu fa?

Akwai titin mota da aka gina a shekarun 1930 da ke hawa Whiteface har kusa da ƙololuwarsa mai mita 1,483, daga nan lif da aka haƙa cikin dutse ya ƙarasa da mutum. Daga Mayu zuwa Oktoba yake buɗe. Cibiyar Wild Center a Tupper Lake tana da gada a tsakanin kawunan bishiyoyi wadda yara ke so. John Dillon Park kusa da Long Lake an tsara shi musamman domin masu buƙata ta musamman, har da rumfunan kwana. Sannan an mayar da tsohon layin dogo tsakanin Lake Placid da Tupper Lake, kilomita 55, shimfiɗaɗɗiyar hanyar ƙafa da keke.

Kare, keke da jirgi marar matuƙi?

Kare na shiga yawancin wurare, a High Peaks da igiya a wuya, amma ba ya shiga filin Adirondack Mountain Reserve sam. Keke da jirgi marar matuƙi haramun ne a sassan da aka ware a matsayin daji zalla.

Idan ruwan sama ya hana fita, akwai abin gani?

Gidan tarihi na Adirondack Experience a Blue Mountain Lake zai ci maka yini. Akwai ganuwar Ticonderoga da Faransawa suka gina a shekarun 1750. A Saranac Lake za ka ga gidaje masu faffaɗan baranda, inda masu tarin fuka ke kwanciya shan iska tun bayan da likita Edward Trudeau ya buɗe wurin jinyarsa a shekarun 1880.

Wanda na fi so a je shi ne gonar John Brown, farar fatar da ya ɗauki makami don yaƙar bauta, a North Elba, bayan garin Lake Placid. A 1846 wani attajiri mai adawa da bauta, Gerrit Smith, ya raba wa baƙaƙen fata na jihar kusan 3,000 filaye, don su cika sharaɗin mallakar dukiya da aka gindaya musu kafin su yi zaɓe. Ana kiran matsugunin da ke nan Timbuctoo. Ƙasar ba ta noma ba ce, kaɗan ne suka zauna. Brown ya zo ya zauna tare da su, kuma a nan aka binne shi bayan an rataye shi a 1859.

Idan na ɓata ko wani ya ji rauni, yaya zan yi?

Tun kafin ka fita, ka gaya wa wani hanyar da za ka bi da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ka. Ka kuma yanke wa kanka lokacin juyowa, ko ka isa sama ko ba ka isa ba, ka cika alkawarin. Ayari kada ya rabu, a bi saurin wanda ya fi kowa nawa.

Hanyoyin hukuma suna da ƙananan faya-fayai ja, shuɗi ko rawaya a jikin bishiyoyi. Idan ka daɗe ba ka ga ko ɗaya ba, tsaya nan, kada ka ƙara gaba da fatan hanya za ta ɓullo. In kana da tabbacin ta inda ka zo, koma zuwa alamar ƙarshe. In babu tabbaci, zauna wuri ɗaya, ƙara tufafi tun jikinka bai huce ba, busa usur sau uku-uku. In akwai sabis kira 911, ka fara da faɗin inda kake da sunan hanyar da ka biyo, sannan ka daina taɓa wayar don batir ya kai. Jami'an da za su zo da ƙafa za su zo, ta hanyar da kai ma ka bi, kuma hakan na iya ɗaukar awoyi da yawa, wani lokaci har wayewar gari.